Sawun Wa Za Ka Bi? Kwatanta Masu Kuɗin da Turawa Ke Kira "Smart Money"

Duk wanda ya ɗan tara wani abu a asusunsa, ya kuma fara leƙa shafukan masu koyar da zuba jari, ba zai daɗe ba zai ci karo da kalmomin nan biyu na Ingilishi, "smart money", wato kuɗin gwanaye. Mai sharhin kasuwar hannun jari ta New York yana faɗarsu, mai hasashen wasannin Firimiya yana faɗarsu, yaron da ke sayar da sigina (saƙon a saya ko a sayar) a Telegram ma har a kan kwas ɗinsa ya buga su. Saƙonsu ɗaya ne: akwai wasu gwanaye da suka san abin da ba ka sani ba, sun riga sun zuba kuɗinsu a wani wuri, kai ma ka bi sahu. Sai dai ba mutane ɗaya suke nufi ba. Wani manyan kamfanonin juya dukiya yake nufi, wani daraktocin da ke ganin littafin cinikin kamfani kafin kowa, wani ƙwararrun 'yan caca, wani kuma mai jarin da zai shigo sana'arka da kuɗinsa da saninsa. Bin wani daga cikinsu dabara ce, bin wani kuwa hanyar tsiya ce miƙaƙƙiya.

Akwai ma tsohuwar ma'ana da ba ruwanta da wayo. A da can, kuɗin raɗaɗi ne, wato diyyar da ake ba sojan ruwan Ingila da ya ji rauni a bakin aiki. Kotunan Amurka kuma sun daɗe suna kiran tarar da ake ɗora wa mai laifi a kan diyya, don ya ji a jikinsa, da wannan suna. Wanda ya gamu da ita a takardar shari'a sai ya kula. Sauranmu ma'anar kasuwa ce ta dame mu, kuma ma'aunin da zan riƙa gwada kowanne da shi bai wuce wannan ba: yaushe za ka ga sawunsa, kuma a kan wane farashi za ka shiga bayan shi ya riga ya shige?

Manya aka fi nufi, don haka da su za a fara. A Amurka, duk kamfanin da ke juya hannayen jarin da suka kai dala miliyan 100 dole ne ya miƙa wa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar wata takarda mai suna 13F duk bayan wata uku, ya lissafa abin da yake riƙe da shi. Takardar a buɗe take, kyauta. Ko a Gusau kake za ka iya sauke ta Berkshire Hathaway, kamfanin da Warren Buffett ya karɓi ragamarsa a 1965, ka karanta a wayarka. Ga mutumin da duniya ta sallama wa, ga jerin abin da ya saya. Me zai hana ka kwafa?

Lokaci ne zai fara hana ka. Doka ta ba su kwana 45 bayan ƙarewar zangon kafin su miƙa takardar. Abin da aka saya a farkon Janairu ba lallai ka ji labarinsa ba sai tsakiyar Mayu. Ga mai saye ya riƙe shekara goma, irin Buffett, wannan jinkiri bai cika ɓata lissafi ba. Amma ga kamfani irin Renaissance Technologies na marigayi Jim Simons, wanda kwamfuta ke saye da sayarwa masa a dubban kamfanoni ba tsayawa, karanta takardarsa ihu ne bayan hari. Abin da kake gani ya riga ya bar hannunsu. Kuma idan babba yana son ya ɓoye, akwai ƙofa: Berkshire ya nemi izinin hukumar ya yi shiru a kan wani kamfani da yake saye tun 2023, sai a Mayun 2024 aka san cewa kamfanin inshora ne na Chubb, lokacin ya riga ya tara na kusan dala biliyan 6.7. Ranar da labarin ya fita farashin ya ɗaga, masu bin sawu suka saya da tsada.

Sannan takardar ba ta nuna komai da komai. Ba ta nuna hannun jarin da suka ara suka sayar da fatan farashinsa zai faɗi, ba ta nuna tsabar kuɗin da suka ajiye, ba ta kuma faɗin dalilin saye. Kamar ka ga babban ɗan kasuwar Dawanau yana loda masara a sito ne, kai ma ka kwashi kuɗin auren ƙanwarka ka saya. Ba ka sani ba ko shi ya riga ya ƙulla ciniki da kamfanin abincin kaji, buhunan nan duk da mai su. Idan farashi ya karye, kamar yadda ya karye wa masu ajiyar hatsi da yawa a 2025, shi ya fita da ribarsa, kai kana zaune da buhu.

Abu na uku shi ne wanda masu koyar da kwafa ba su cika faɗa ba: manya ba sa saye a kan farashin da kake saye. A Satumban 2008, ana tsakiyar rikicin bankuna, Buffett ya zuba dala biliyan 5 a bankin Goldman Sachs. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka ce tunda dattijo ya shiga, a shiga. Amma shi ba hannun jarin da ake sayarwa a kasuwa ya saya ba. Na musamman aka yanka masa, mai biyan kashi 10 cikin ɗari duk shekara, aka kuma haɗa masa da damar sayen ƙarin na dala biliyan 5 a kan dala 115 kowanne duk lokacin da ya ga dama cikin shekara biyar. Wanda ya bi shi ta ƙofar kasuwa bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma kafin ƙarshen Nuwamba farashin ya zube ƙasa da rabi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Girman aljihunsa da sunansa ne suka saya masa sharuɗɗan, ba basira kaɗai ba.

Kuma gwanayen suna faɗuwa, faɗuwa mai ƙara. Buffett ɗin kansa ya zuba sama da dala biliyan 10 a IBM a 2011, ya fita zuwa 2018 ba tare da abin kirki ba. Kamfanin juya dukiya na Long-Term Capital Management, wanda John Meriwether ya kafa a 1994, yana da Myron Scholes da Robert Merton a cikinsa, mutum biyu da suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997. Shekara ɗaya bayan kyautar, Rasha ta kasa biyan bashinta, kamfanin ya yi asarar kusan dala biliyan 4.6 cikin ƙasa da wata huɗu, sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara bankuna 14 suka haɗa dala biliyan 3.6 aka tallafe shi. Na fi son misalin FTX, kasuwar kirifto da ta rushe a Nuwamban 2022, domin shi ya fi kama da abin da ke cin mutanenmu. Cikin masu jarinta, kamfanin zuba jari na Sequoia Capital na ciki, Temasek na gwamnatin Singafo na ciki, asusun fanshon malaman makaranta na Ontario a Kanada na ciki. Ƙananan mutane suka ga waɗannan sunaye suka saki jiki, suna cewa ai irin waɗannan ba za su shiga ba tare da bincike ba. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. To amma duba bambancin: Temasek ya yi asarar dala miliyan 275, ya kuma bayyana cewa hakan bai kai kashi ɗaya cikin dubu na dukiyar da yake juyawa ba. Shi ƙwarzane ya samu. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka saboda ya ga sunan Temasek, shi ne ya kwana a ciki.

To idan ba a kwafi manya ba, me za a yi? A nan akwai abokin kwatanci da ya kamata a sa a kan sikeli, wato asusun da ba ya zaɓe, yana sayen kasuwa ne dungurungum. John Bogle ne ya buɗe irinsa na farko ga jama'a a 1976, aka yi ta yi masa dariya, don abin da ya tara a farko bai wuce dala miliyan 11 da 'yan kai ba. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan amfaninsa daga Buffett ta fito. Ya yi fare na dala miliyan ɗaya da kamfanin Protégé Partners, cewa daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017 asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka kawai zai doke duk wasu asusai biyar na ƙwararru da suka ga dama su zaɓa. Shekara goma ta cika, asusun da ba ya tunani ya ƙaru da kashi 125.8 cikin ɗari, biyar ɗin nan kuwa idan aka raba daidai wajen kashi 36 kawai suka samu. Kuɗin faren wata ƙungiyar tallafa wa 'yan mata a Omaha aka ba. Ba wai ƙwararrun jahilai ba ne. La'adarsu ce ta cinye su: al'adar irin waɗannan asusai ita ce su ɗauki kashi 2 na uwar kuɗi duk shekara, ko an ci ko an faɗi, sannan kashi 20 na riba. Rahoton SPIVA da kamfanin S&P ke fitarwa ya daɗe yana nuna abu ɗaya, cewa idan aka auna shekara 15, kusan tara cikin goma na asusan manyan kamfanonin Amurka da ƙwararru ke zaɓa wa kaya suna kasa kamo ma'aunin.

A ganina, tsakanin kwafar 13F da sayen kasuwa dungurungum, na biyu ya fi dacewa da ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ba shi da lokacin karanta rahoton kamfani. Amma kada a ɗauko hukuncin Amurka a kifa shi a kan Legas ba gyara. Akwai irin waɗannan asusai a kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, kamar Vetiva Griffin 30 da ke bin manyan kamfanoni 30, da Lotus Halal ga wanda ba ya son kuɗinsa ya taɓa bankin ruwa ko kamfanin giya. Sai dai cinikinsu bai da yawa, wata rana ka so sayarwa ka rasa mai saye a farashin da ya dace. Kasuwar kanta kamfanoni ƙalilan ne suka danne ta, irin su Dangote Cement da BUA da MTN da Airtel. Tarihinta ma yana da ciwo: ma'aunin ya kai 66,371 a Maris ɗin 2008, ya rikito zuwa wajen 20,000 cikin shekara guda, bai sake ganin wancan matsayi ba sai Agustan 2023. Shekara 15 kenan, kuma naira ta 2023 ba ta 2008 ba ce. Wanda zai bi wannan hanya sai da kuɗin da ba zai nema ba nan kusa, yana sa kaɗan-kaɗan duk wata.

Rukuni na biyu su ne 'yan gida: shugaban kamfani, daraktoci, babban akawu. Waɗannan saninsu na gaske ne, ba hasashe ba, kuma sawunsu ya fi na manya fitowa da wuri. A Amurka, tun dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, ɗan gida da ya saya ko ya sayar da hannun jarin kamfaninsa kwana biyu na aiki kawai yake da su ya sanar. A Najeriya ma kamfanonin da ke kasuwa suna buga irin wannan sanarwa a shafin NGX, akwai kuma lokacin da ake rufe wa 'yan gida ƙofar ciniki gab da fitar da sakamakon kuɗi, haka nan duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin ɗari na kamfani dole a bayyana shi.

Yadda ake karanta wannan sawu shi ne muhimmi. Sayarwa ba ta cika faɗin komai ba, don darakta na iya sayarwa saboda zai gina gida ko zai aurar da 'ya. Saye da kuɗin aljihunsa a kasuwa kuwa ya fi magana, musamman idan mutum uku ko huɗu na gidan suka saya a wata ɗaya, ba kuma hannun jarin da aka ba su a matsayin ladan aiki ba. Binciken Josef Lakonishok da Inmoo Lee na 2001 abin da ya gano kenan: labarin yana wajen saye, kuma ya fi ƙarfi a ƙananan kamfanoni. Duk da haka alama ce ta a je a duba, ba umarnin saye ba. A Afrilun 2023 aka ji Femi Otedola ya sayi sama da kashi 5 na Transcorp, farashi ya yi sama, jama'a suka ruga. Kafin watan ya ƙare shugaban kamfanin, Tony Elumelu, ya ƙara nasa kason sosai, Otedola ya sayar ya fita. Wanda ya saya don yana ganin Otedola zai karɓi kamfanin, dalilinsa ya mutu cikin 'yan makonni. In ya ci riba daga baya, wani dalili ne ya kawo ta, ba nasa ba.

Akwai iyaka a nan da bai kamata a tsallaka ba. Sanarwar da aka buga wa kowa halal ɗinka ce a doka. Sirrin da aka raɗa maka kafin a buga, laifi ne ka yi ciniki da shi. Raj Rajaratnam, attajirin asusun Galleon, shekara 11 aka yanke masa a 2011 a kan haka. Shi kuwa "sirrin" da ke yawo a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyar, wannan ba sirri ba ne. Galibi wani ne ya riga ya saya, yana neman wanda zai sauke wa kaya.

Sai 'yan caca, waɗanda a bakinsu maganar ta yi ƙarfi tun kafin ta zama ta 'yan kwat. Gaskiya ne akwai mutanen da suka ci gidan caca shekara da shekaru. Bill Benter ya yi dukiya a tseren dawakin Hong Kong da lissafin kwamfuta. Tony Bloom mai ƙungiyar Brighton da Matthew Benham na Brentford duk ta wannan hanya suka yi kuɗi, kuma kowannensu kamfani ne guda a bayansa, Starlizard da Smartodds, cike da masana lissafi da masu kallon wasa suna tattara bayanai. Ribarsu 'yar kaɗan ce a kan kowane fare, yawan kuɗin da suke juyawa ne ke mai da ita babba.

Ga dalilin da ya sa bin su ba ya aiki, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi a bayan takarda. A ce wasa ne da gaskiyar damar cinsa rabi da rabi ce, amma gidan caca ya yi kuskure ya sa farashi, abin da 'yan harkar ke kira od, a kan 2.10. Gwani ya gani ya zuba. A kan wannan farashi, duk naira 100 tana dawo masa da 105 idan aka daɗe ana yi. Nauyin kuɗinsa ya sa gidan ya sauke farashin zuwa 1.90. Yanzu ne kai za ka ga alamar, ka ce manya sun shiga, ka bi. Ƙungiya ɗaya kuka zaɓa, wasa ɗaya, amma kai duk naira 100 ɗinka 95 take dawowa. Shi yana cin biyar, kai kana zubar da biyar. Gwanintarsa ba a sanin wanda zai ci take ba, a farashin da ya shiga take, farashin nan kuwa shigarsa ce ta kashe shi. Idan kuma ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, yadda samarinmu suka fi so, kowanne da irin wannan gibi na kashi 5, to kafin a busa usur kusan kashi 40 na darajar kuɗinka ya riga ya zama na gidan. Ƙari a kan haka, gidajen caca da yawa suna rage wa mai yawan ci adadin da zai iya sawa ko su rufe asusunsa. Wanda aka bari yana wasa yadda ya so, an riga an auna shi.

Akwai wata fuska ta wannan ma'ana da 'yan jarida ke amfani da ita, inda za ka ji an ce kuɗin gwanaye yana kan wane, ma'ana shi ake kyautata zaton zai ci zaɓe ko ya samu muƙami. A matsayin abin karantawa, farashin caca yana da ɗan amfani, don mutum ya fi faɗin gaskiyar zatonsa idan kuɗinsa na ciki. A zaɓen Amurka na 2024 kasuwar fare ta intanet Polymarket ta karkata ga Trump alhali ƙuri'un jin ra'ayi na nuna kunnen doki, wani Bafaranshe ma ya kwashi miliyoyin daloli a kai. Amma a ranar 23 ga Yunin 2016 gidajen caca sun ba zaman Birtaniya a Tarayyar Turai rinjaye mai yawa, sai kashi 51.9 na masu zaɓe suka ce a fita. Abin sha'awa, gidajen cacar sun ce manyan kuɗi sun fi yawa a ɓangaren zama, yawan tikiti kuwa a ɓangaren fita. Farashin ya bi nauyin aljihu, ƙuri'a kuma kai take ƙirgawa. Leicester City da aka ba 5000 a kan 1 ta ɗauki kofin Firimiya a kakar 2015/16. Ga Musulmi ma maganar ba ta kai nan ba, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su, Hisbah a Kano kuma ta rufe shagunan caca a 2024. Na kawo lissafin ne don wanda ke ganin nasa ba caca ba ne, "nazari" ne.

Kusa da wannan akwai abin da ya fi yaɗuwa tsakanin matasa masu cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, wato foreks: tsarin da ake kira SMC (Smart Money Concepts), wanda ke iƙirarin koya maka gane sawun manyan bankuna a jikin zanen farashi. Ka ga kyandir ɗin nan, wato sandar da ke nuna motsin farashi a zanen, a nan banki ya saya. Ka ga wancan, a nan suka farauci ƙananan 'yan kasuwa. Abin da ba a faɗa wa ɗalibi shi ne, kasuwar kuɗaɗen waje ba ta da zaure ɗaya da ake rubuta kowane ciniki. BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe, ya ƙiyasta ana juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum a 2022, a warwatse tsakanin bankuna da dillalai. Zanen da ke wayarka farashi kawai yake nunawa, ba ya nuna wa ya saya. Bayan farashi ya motsa kowa na iya zana akwati ya ce ga inda banki ya shiga. Sawu na gaske mafi kusa shi ne rahoton da CFTC, wata hukumar sa ido kan kasuwannin kuɗi ta Amurka, ke fitarwa duk Juma'a, shi ma matsayin ranar Talata yake nunawa, kuma na wani yanki ne kawai na kasuwar. Sakamakon masu wannan ciniki a rubuce yake: hukumar ESMA mai kula da kasuwannin kuɗi ta Turai ta gano a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 na asusan ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, wani bincike a Barazil kuma ya nuna kashi 97 na waɗanda suka dage da cinikin yini sama da kwana 300 sun tashi da asara. Ba na cewa duk mai koyarwa ɗan damfara ne. Amma wanda kuɗin shigarsa daga kwas da sigina yake fitowa, ka tambaye shi bayanin asusunsa na shekara biyu daga dillali, ba hoton rana ɗaya ba. Idan kuwa aka kai ga cewa ka kawo kuɗin gwanaye ko na'ura su juya maka, riba tabbas, to an bar kasuwa an shiga gidan MMM na 2016 da CBEX da ya rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30.

Ma'ana ta ƙarshe ta juya teburin, domin a nan ba kai ke bin su ba, su ke zuwa wurinka. Masu kafa sababbin kamfanoni suna raba masu jari gida biyu: mai kawo kuɗi kawai, da mai kawo kuɗi haɗe da sani da mutane. Mike Markkula, tsohon ma'aikacin Intel, ya shigo Apple a farkon 1977 da dala 250,000, wani kaso jari wani rance, amma abin da ya fi kuɗin shi ne ya tsara wa samari biyu da ke aiki a gareji tsarin kasuwanci, ya kuma nemo musu shugaban kamfani na farko. Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Shola Akinlade da Ezra Olubi, ya shiga shirin renon sababbin kamfanoni na Y Combinator a 2016. Kuɗin da shirin ke bayarwa a lokacin dala 120,000 ne a kan kashi 7 na kamfani, ba wani abin a zo a gani ba, amma ƙofar da ya buɗe ta kai su ga kamfanin biyan kuɗi na Stripe, wanda ya zuba musu jari daga baya ya saye kamfanin a 2020 a kan sama da dala miliyan 200.

Wannan ita kaɗai ce ma'anar da sanin gwani ke shigowa aljihunka kai tsaye, ba tare da jinkirin kwana 45 ko lalacewar farashi ba, don ribarsa a ɗaure take da taka. Kuma ba sai kana da kamfanin fasaha ba. Mai injin casar shinkafa a Kura da ke neman naira miliyan 20 na iya samun tayi biyu: wani Alhaji zai ba da kuɗin a kan kashi 20 ya koma gida ya jira, wani kuma yana son kashi 30 amma ya shekara 15 yana kai shinkafa Legas, ya san masu saye, ya san direbobi, ya san lokacin da ake sayen shanshera da araha. Idan matsalarka kasuwa ce, kashi 10 ɗin nan na bambanci ba tsada ba ne. Idan kuwa kana da masu saye har sun fi ƙarfinka, inji kawai kake son ƙarawa, to mai kuɗi shiru ya fi maka, don mai sani ba ya zuwa shi kaɗai, da bakinsa yake zuwa, zai so a ji ta tasa a kan farashi da ɗaukar ma'aikata.

Hanyar tantance shi ba wuya. Kowa na iya cewa yana da hanya, don haka ka nemi mutum biyu da ya taɓa zuba wa jari, musamman wanda sana'arsa ba ta yi kyau ba, ka ji yadda suka rabu. Alkawarin kawo masu saye a rubuta shi a takarda tare da kason, a gaban shaidu: idan musharaka ce, a fayyace cewa asara gwargwadon jarin kowa za a raba ta, a faɗi wanda ke sa hannu a asusun banki, a kuma amince tun yau da yadda za a yi wa kasonsa kuɗi ranar da ɗayanku ya so fita, ko ranar da magada suka zo a madadinsa.